Waiwaye: Wa ke biyan kuɗin shekaru ukun farko na yaro mai lalurar Down?

A wani gida cikin birnin Zariya akwai yarinyar da ta kai wata takwas wuyanta bai tsaya ba. In ka ɗauke ta sai ka ji ta laƙwas, nono kuwa ta ja sau biyu ta saki. Kakarta ta ce wa uwar, "Ke dai rabu da ita, sanyin jiki ne, haka ubanta ya yi." Wata maƙwabciya ta yi raɗar ko 'yar ruwa ce. Sai da tari ya ci ƙarfinta aka kai ta asibiti, likita ya dubi idanunta da tafin hannunta ya ce lalurar Down ce, wadda mutanenmu ke cusawa cikin buhu ɗaya da wasu lalurori su kira galahanga.

Sunan na wani likitan Ingila ne, John Langdon Down, wanda ya bayyana kamanninta a 1866. Sai a 1959 masana a Faransa suka gano dalili: ƙullin gado da ke cikin ƙwayar halitta 47 ne maimakon 46, mai lamba 21 ya zo guda uku. Shi ya sa aka ware ranar 21 ga watan uku don tunawa da masu lalurar. Wani bincike da aka buga a 1982 daga asibitin koyarwa na Ibadan ya sami ɗaya cikin haihuwa 865. Ke nan ba ciwon Turawa ba ne.

Ba a warkar da ita, amma ana rage mata kaifi, kuma da wuri ake yi. Kusan rabin yaran na zuwa da matsalar zuciya, don haka hoton zuciya ne farko, sai gwajin ji da na tayirod, wani ƙullun maƙogwaro mai taimaka wa girman jiki. Sannan gashi, wato motsa gaɓoɓi a asibiti, don wuya ya tsaya, zama ya samu, da koyar da tsotso da tauna da magana. Duk wannan kafin shekara uku ya fi kamawa, lokacin da icen ke ɗanye.

A Amurka ma ba a banza aka samu irin wannan kulawa ba. Har cikin shekarun 1960 ana ba iyaye shawarar su kai irin waɗannan jarirai gidajen ajiya. Iyaye suka yi ta matsin lamba har aka yi dokar 1975 da ta ba yara masu buƙata ta musamman haƙƙin karatu kyauta. A 1986 aka yi mata gyaran da ya fi shafar zancenmu: gwamnatin tarayya ta fara ba jihohi kuɗi don kula da yaro tun daga haihuwa zuwa shekara uku, da rubutaccen tsari ga kowane iyali, sau da yawa ma'aikaci ya iske su har gida.

Mu nan takarda ba ta yi mana kaɗan ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci ilimi na musamman. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga ilimin farko, kuma a cikin wannan ana cire kashi 2 ga yara masu buƙata ta musamman. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010, Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya a Janairun 2019, Jihar Kaduna ta yi tata a 2021.

Amma bi sawun kuɗin ka ga inda suke tsayawa. Na ilimi a ƙofar makaranta suke jiran yaro, ɗan wata takwas kuwa ba ɗalibi ba ne. Na lafiya sun fi karkata ga asibitin sha-ka-tafi, awo da haihuwa da zazzaɓi, wuraren da ba kasafai ake samun likitan gashin ƙashi ba, balle mai koyar da magana. A ganina nan ramin yake: shekarun da suka fi muhimmanci sun faɗa tsakanin ma'aikatu biyu, kowace na ganin na ɗayar ce. Ƙungiyoyi ne suka ɗan toshe, irin gidauniyar da Rose Mordi ta kafa a Legas a 2001, to amma Legas ina, Ƙofar Doka ta Zariya ina.

Zariya ma ta fi garuruwa da yawa sa'a, tunda ga asibitin koyarwa na ABU a Shika da ƙwararrun likitocin yara, har daga wasu jihohi ake zuwa. Sai dai ƙwararre daban, mai biya daban. Kuɗin mota, kuɗin kati, kuɗin gwaji, duk daga aljihun maigida suke fitowa, ko daga adashin uwa.

Ita uwar yarinyar nan, da ta ga zuwa gashi duk mako ya fi ƙarfinsu, sai ta roƙi ma'aikaciyar ta nuna mata da hannu. Yanzu kullum bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma, ta naɗe zani ta sa a ƙirjin yarinyar, ta kwantar da ita rub-da-ciki, yayanta na kaɗa murfin kwano a gabanta don ta ɗaga kai. Asibiti kuwa sai an ɗauki adashi.