Ruwa mai ja a bakin teku: yadda yake samuwa da yadda ake fita daga cikinsa

Ruwa mai ja wani siririn kwararo ne na ruwan teku da ke gudu daga gaɓa zuwa ciki, yana ratsa tsakiyar raƙuman ruwa. Da Turanci ana kiransa rip current, da Faransanci kuwa courant d'arrachement, kuma su ne sunayen da za a nema a allon gargaɗi idan an kafa shi, ko a Legas da Akara, ko a Kwatano da Lome. Wani masanin teku na Amurka, Francis Shepard, shi ya fito da sunan na Turanci a 1936. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ƙiyasta cewa wannan ruwa yana cin fiye da mutum 100 a ƙasar duk shekara, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da masu gadin bakin teku ke cetowa, shi ne ya ja su. A can ke nan, inda ake da masu ceto da kayan aiki.

Asalinsa ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Duk raƙumin ruwan da ya fashe yana tura ruwa zuwa gaɓa, na bayansa ya ƙara, na bayan wannan ma ya ƙara. Ruwan da ya taru dole ya koma. To, sau da yawa a ƙarƙashin ruwa, 'yan mitoci daga gaɓa, akwai tudun rairayi da ya miƙe a kwance yana tare masa hanya. Sai ruwan ya riƙa bin gefen gaɓa daga dama da hagu har ya sami inda tudun ya tsage, ya matsu a wannan kafa, ya fice da ƙarfi. Masana sun raba shi gida uku: hannuwa, wato ruwan da ke bin gefen gaɓa yana tarowa, wuya, inda ya matse ya fi gudu, da kai, can bayan inda raƙuman ruwa ke fashewa, inda yake bazuwa ƙarfinsa ya mutu. Faɗin wuyan bai cika wuce mita 25 ba, ko da yake ana samun wanda ya fi haka.

Gudunsa na yau da kullum kamar rabin mita ne a daƙiƙa, amma an auna wanda ya kai mita 2.5. Gwarzon ninƙaya na duniya yana cinye mita 50 a kusan daƙiƙa 21, a cikin kwantaccen ruwan gasa, wato bai kai wannan gudun ba. Ko da ruwan mita 1 yake yi a daƙiƙa, wanda ya ɗauka zai sami kansa mita 60 daga inda yake tsaye cikin minti guda.

Ba tsagar rairayi kaɗai ke haifar da shi ba. Duk abin da ya miƙe daga gaɓa ya shiga teku yana tara ruwa a gefensa, ya kora shi ciki: jerin duwatsun da ake zubawa don hana zaizayar ƙasa irin na Lekki a Legas da Keta a Gana da gabashin tashar jiragen ruwan Kwatano, da ƙafafun gada, da dutsen da Allah ya halitta a wurin. Na gefen duwatsu kusan kullum yana nan, ba ya matsawa. Abin takaici, nan ne masu ɗaukar hoto suka fi so. Akwai kuma na ba-zata, wanda ke ɓallewa bayan manyan raƙuman ruwa uku ko huɗu sun zo a jere, ya yi 'yan mintoci ya ɓace.

Babban tarkon shi ne kamanninsa. Baƙo ya iso bakin teku, ya ga dama farin kumfa yana ruri, hagu ma haka, sai ya hango wani wuri a tsakiya ruwa ya kwanta luf, ya ce wa yara su shiga nan. Nan ɗin kuwa shi ne wuyan. Raƙumin ruwa yana fashewa ne idan ya taka wuri marar zurfi. Inda bai fashe ba, rami ne, kuma ta ramin ruwa ke komawa. Wurin da ke da kumfa yana turo mutum zuwa gaɓa, wurin da ya yi shiru yana fitar da shi.

Don haka kafin kowa ya tuɓe takalmi, a hau wuri mai ɗan tudu a zuba wa ruwan ido na minti biyar zuwa goma. Kallo ɗaya ba ya isa, domin raƙuman ruwa suna zuwa ne rukuni-rukuni. Abin da ake nema shi ne giɓi a layin kumfa, da zirin ruwa da ya fi na gefensa duhu saboda zurfi, ko kuma ya yi ja-ja saboda rairayin da ya kwasa. Wani lokaci samansa yana ɗan tsattsagewa kamar ana motsa shi daga ƙasa. Alamar da ta fi kowace tabbas ita ce a ga kumfa ko leda ko ciyawar teku tana tafiya ciki a hankali alhali komai na gefenta gaɓa ya nufa. Tabarau mai kashe ƙyallin rana yana taimakawa. Tambayar masuntan wurin ta fi tabarau, don su kan san kafar da kyau, wasu ma ta nan suke tura kwale-kwalensu.

Gaɓar tekun Gini tana da nata hali. Raƙuman ruwan da ke dukan Legas da Lome da Akara suna tasowa ne daga guguwar kudancin Atilantika, dubban kilomitoci daga nan, shi ya sa za a ga rana ta fito, babu iska, amma teku yana hauka. Sun fi girma daga wajen Yuni zuwa Satumba, su lafa a lokacin hunturu. Gaɓar kuma a wurare da yawa tana da gangare sosai, taku uku daga ruwan gwiwa sai ruwan ƙirji. Ga bambancin Tarkwa Bay, wani bakin teku a Legas, da yawancin wuraren gaɓar Lekki: ita tana laɓe ne a bayan katangar duwatsun da aka fara zubawa a mashigar tashar Legas a 1908, su kuwa suna fuskantar teku kai tsaye. Amma tafiya kaɗan daga Tarkwa Bay zuwa ɓangaren hasumiyar fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, an koma buɗaɗɗen teku.

Lokacin yini ma yana da tasiri. Teku yana cikowa sau biyu, ya janye sau biyu, a cikin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cika da janyewa awa 6 ne da 'yan mintoci, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Ruwa mai ja na tsagar rairayi ya fi ƙarfi a kusa da lokacin janyewa, saboda tudun ya matso sama, hanyar komawa ta ragu sai kafar. Cika da janyewa sun fi yawa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Ranakun yawon ƙaramar Sallah, da jama'ar Agege a Legas ko Nima a Akara ke cika bakin teku, suna faɗawa ne daidai farkon wata.

Idan ya riga ya ɗauki mutum fa? Abu na farko da za a riƙe: ruwa mai ja ba ya dulmiyar da mutum ƙasa, nisanta shi da gaɓa yake yi. Abin da ke kashewa shi ne firgita da gajiya. Mutum ya ga gaɓa tana nisa, ya juya ya fuskance ta yana dukan ruwa da duk ƙarfinsa, cikin 'yan mintoci hannuwa su mutu, numfashi ya sarƙe, ya fara shan ruwa. Wanda ya tashi a bakin kogin Kwara ko Binuwai ya san ba a yin gaba da gaba da kogi, ratsa shi ake yi a karkace. Wannan ma kogi ne, sai dai bakinsa ba gaɓar da kake hange ba ce, yana damanka da hagunka, inda farin kumfa yake. Iya ruwa fid da kai, in ji Hausawa, kuma a nan fid da kan yana farawa da daina kokawa.

Sai ka juya rigingine, ka baza hannuwa da ƙafafu, kunnuwa cikin ruwa, haɓa sama, ka bar numfashi ya daidaita. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, don haka ya fi ruwan kogi ɗaga jiki. Ka ɗaga hannu ɗaya a ga halin da kake ciki. In ka iya iyo kuma da sauran ƙarfi, ka yi shi a kwance da gaɓa, ka nufi inda raƙuman ruwa ke fashewa, sannan ka bar su su turo ka. In ka ga ba ka ci gaba, to ka gwada ɗaya gefen ko ka koma kwanciya. Binciken da aka yi da na'urori masu yawo a kan ruwa ya nuna cewa da yawa daga cikin waɗannan kwararo zagaye suke yi, su dawo da abin da suka ɗauka kan tudun rairayi bayan 'yan mintoci. Ba duka ba ne, musamman na gefen duwatsu, amma ko wanda bai dawo da mutum ba yana sakin sa a bayan raƙuman ruwa.

Wanda bai iya ruwa ba kada ya wuce gwiwa. Tufafi ma abin lura ne: jallabiya da abaya da dogon hijabi idan sun jiƙe suna naɗe ƙafafu, su ba ruwa abin kamawa. Tayar roba da yara ke shiga ciki ba kariya ba ce, ita ce ma ke saurin tafiya da su. Inda ake da masu ceto, tuta mai ja da rawaya tana nuna iyakar wurin da suke tsaro, rawaya zalla a yi hattara, ja haɗari ne babba, ja biyu an rufe ruwan. Rashin tuta ba ya nufin lafiya, sau da yawa yana nufin babu mai gadi ne.

Na kan tudu su ne suka fi ɓata lamari. An saba jin labarin mutum ɗaya ya faɗa, ɗan'uwansa ya bi shi, abokinsu ya bi, a wayi gari da gawa uku. Wanda ke nutsewa yana cafke duk abin da ya taɓa, ya danna shi ƙasa. A yi ihu a kira masu ceto ko masunta, wani ya buga lambar gaggawa 112, wani kuma ya tsaya yana nuna wurin da hannu kada a ɓace shi. A jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, a jefa cikin kwararon don ruwan da kansa ya kai masa. Jarkar lita 25 da babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, tana iya ɗaga nauyin da ya haura kilo 20, ta fi rigar ceto ta babban mutum, wadda galibi ke ɗaga kusan kilo 15. Kular sanyaya lemo ko ƙwallo ma suna aiki. In dole sai an shiga, kada a shiga hannu rabbana, kuma a miƙa masa jarkar daga nesa.

Idan an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6, a saurin 100 zuwa 120 a minti, a sake hura iska sau 2, a ci gaba a haka har taimako ya iso. Matse ciki ko juya mutum kai ƙasa wai don ruwa ya fita ɓata lokaci ne, kuma yana jawo amai ya shiga huhu. In yana numfashi, a kwantar da shi a gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Duk wanda ya shaƙi ruwa har yana tari ko numfashinsa na sama-sama, a kai shi asibiti ko da ya miƙe yana cewa ya warke, domin huhu kan iya kumbura bayan wasu awanni.