Mene ne kash gem a gasar fantasi ta kullum, kuma me ya bambanta ire-irensa?

Duk wanda ya taɓa buga Fantasy Premier League ya riga ya san rabin zancen. Ana ba ka kasafin fam miliyan 100 na bogi, ka sayi 'yan wasa 15, abin da suka yi a fili ya koma maki a gare ka, tun daga Agusta har Mayu. A Amurka an ɗauki irin wannan tsari an matse shi: gasar ta fara ta ƙare a yini ɗaya ko ƙarshen mako ɗaya, kuma da kuɗi na gaske ake shiga. Ita ce ake kira gasar fantasi ta kullum. Kamfanoni biyu ne suka mamaye harkar, FanDuel da aka kafa a birnin Edinburgh a 2009, da DraftKings da ya fito daga Boston a 2012. A ƙwallon Amurka ta NFL, DraftKings na ba mutum kasafin dala 50,000 na bogi ya cike gurbin 'yan wasa 9, FanDuel kuwa dala 60,000.

Gasar ta rabu gida biyu. Akwai babba, wadda dubban mutane ke shiga, na ɗaya ya kwashi kuɗi har dala miliyan, mafi yawa su tashi hannu rabbana. Akwai kuma wadda suke kira kash gem, sunan da suka aro daga teburin kartar foka. A nan kusan rabin waɗanda suka shiga ne ke ci, kuma ladan kowa ɗaya ne. Wanda ya zo na ɗaya da wanda ya tsallake da kyar duk abu guda za a ba su. Shi ya sa ake yi mata kallon hanya mai sauƙin haɗari, wadda ake tara riba kaɗan-kaɗan. Za mu ga ko lissafi ya yarda da wannan kallon.

Iri uku ne aka fi sani. Na farko raba-daidai: mutum 100 kowa ya sa dala 10, an tara 1,000, kamfani ya cire 100, mutum 50 na sama kowa ya karɓi 18. Na biyu ninki-biyu: kuɗin shiga ɗaya ne, amma wanda ya ci zai karɓi 20 cif, sai dai mutum 45 ne kawai za a biya, wani lokaci ma ƙasa da haka. Na uku fito-na-fito: kai da mutum ɗaya, kowa ya sa 10, mai maki mafi yawa ya ɗauki 18.

A dukansu ukun kamfani ya riga ya cire kamashonsa kafin a busa usur, kamar dillali a kara, ko an ci riba ko an faɗi la'adarsa na nan. Wannan kashi goma cikin ɗari shi ne abin da sabon shiga ba ya sa wa ido. A ce mutum ya shiga raba-daidai sau 100 a kan dala 10. In ya ci rabi, ya kashe 1,000 an mayar masa da 900. In ya ci 55, har yanzu akwai giɓin dala 10. Sai ya ci 56 sannan zai ga ribar dala 8. Ashe zama tsaka-tsaki a wannan harka asara ce a hankali, kuma tsaka-tsakin nan ne mafi yawan mutane suke.

Tsakanin raba-daidai da ninki-biyu bambancin ɗan siriri ne. Rigimar duka a kan wanda ya faɗo tsakanin na 46 da na 50 take: a raba-daidai ya tsira da 18, a ninki-biyu ko kwabo ba shi da shi. Ƙarin dala 2 ake nema, ana sa 18 a haɗari. Ninki-biyu zai biya ka ne kawai in a cikin kowane cin raba-daidai goma da kake yi, sama da tara ba a bakin layi kake tsallakewa ba. Mai yawan tsira da kyar, raba-daidai ya fi masa.

Inda zancen yake da nama shi ne fito-na-fito. Mutum ba ya shiga guda ɗaya, jerin 'yan wasansa ɗaya yake sawa ya kara da mutane da yawa. Mu ce yana da dala 100, ya raba ta gida 20, kowace karawa dala 5, cin kowace 9. Ranar ta zo masa a karkace, jerinsa ya fi na kashi 40 cikin ɗari na mutane ne kawai. Da raba-daidai ya zuba kuɗin, duk ɗarin ta tafi. A fito-na-fito kuwa zai doke kusan mutum 8, ya dawo da 72. To amma juya shi. Ranar da jerinsa ya fi na kashi 60, raba-daidai zai ba shi 180, fito-na-fito kuwa cin 12 ne, wato 108. Fito-na-fito na rage zafin faɗuwa, yana kuma rage daɗin ci. Ga mai ƙaramin jari da ba zai iya jure mako uku a jere babu komai ba, wannan sassauci ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalarsa ita ce wa kake karawa da shi. Yawancin gayyatar fito-na-fito da ke jiran mai amsawa tsofaffin hannu ne suka baza su, masu manhajar lissafi da ke hasashen makin kowane ɗan wasa, waɗanda wannan ce sana'arsu. In kai ka buɗe taka gayyatar, su ne dai ke saurin cafke ta. A 2015 wasu manazarta biyu, Ed Miller da Daniel Singer, sun wallafa wani nazari kan rabin farko na kakar ƙwallon besbol ta MLB, suka gano kashi 1.3 cikin ɗari na masu shiga ne suka kwashe kashi 91 na ribar. Ko a ninki-biyu ba a tsira daga gare su ba. In gasar ta yarda mutum ɗaya ya shiga sau da yawa, ƙwararre zai jera jerinsa iri ɗaya sau barkatai, ya cinye kujerun sama, layin tsallakewa ya ɗaga. Don haka a ganina tambayar farko ba "raba-daidai ko ninki-biyu" ba ce. Tambayar ita ce ko gasar ta taƙaita kowa ga shiga ɗaya, kuma mutum nawa ne a ciki. Babbar gasa mai shiga ɗaya, mai ƙaramin kuɗi, ita ce ta fi tara 'yan sha'awa, ƙwararre kuma kujera ɗaya tak yake da ita a ciki.

Zaɓen 'yan wasa ma daban yake a kash gem. Ba a neman wanda zai iya yin abin mamaki, ana neman wanda ko a mummunar rana zai kawo wani abu. Ranar Lahadi a NFL, ana fitar da sunayen waɗanda ba za su buga ba minti 90 kafin a fara wasa. Sai a ji babban ɗan wasan da ke gudu da ƙwallo ya ji rauni, mataimakinsa mai araha ne zai ɗauki dukan aikin. Nan da nan kowa ya sa shi a jerinsa. A babbar gasa wasu na guje masa da gangan don su bambanta da jama'a. A kash gem kuwa bin jama'a shi ne dabara: in ya yi kyau kana tare da su, in ya lalace kun faɗi tare, layin ya sauko.

Ko wannan caca ce? Amurka kanta ta yi shari'a a kai. Dokar 2006 da ta taƙaita cacar intanet ta ware gasar fantasi, kamfanonin kuma suka riƙe hujjar cewa gwaninta ce ba sa'a ba. A Nuwamba 2015 babban lauyan jihar New York na lokacin, Eric Schneiderman, ya ce caca ce ya umarce su su daina, sai majalisar jihar ta halatta ta a 2016. Wannan hukuncin dokarsu ne. A ma'aunin da malamanmu ke amfani da shi, kowa ya sa kuɗi, wanda ya ci ya ɗauki na wanda ya faɗi, kuma sakamakon na hannun abin da wasu za su yi a fili. Siffar maisir, wato caca, ke nan da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta hana, ƙwarewa a lissafi ba ta sauya ta.

Rigimar 2015 ta dai tilasta gyare-gyare. A 2016 jihar Massachusetts ta ƙayyade shekara 21 ga mai shiga, ta sa iyakar dala 1,000 a wata ga kuɗin da mutum zai zuba, ta kuma wajabta wa kamfanonin su sa alama a gefen sunan ƙwararrun 'yan gasa, su ware wa sababbin shiga nasu gasar. Alamar tana taimakawa a fito-na-fito, tunda mutum na ganin sunan abokin karawarsa kafin ya amsa. A raba-daidai mai mutum dubu kuwa, ba mai zama ya ƙirga su, kuma gasar sababbin shiga na da wa'adi: da mutum ya cika adadin da aka ƙayyade masa, sai a fito da shi fili ɗaya da kowa.