Waiwaye: Yadda Goge Ya Yi Ƙaura Daga Rediyon Kantiri a Amurka

A watan Yunin 2025 masu shirya lambar yabo ta Grammy suka sanar da cewa daga bikin 2026 kyautar faifan kiɗan kantiri za ta rabu gida biyu, ɗaya ta masu salon gargajiya, ɗaya ta 'yan zamani. Sanarwar ta zo ne 'yan watanni bayan Beyoncé, shahararriyar mawaƙiyar pop, ta lashe waccan kyauta, don haka ka-ce-na-ce ya sake ɓarkewa. Wani ɓangare na cewa kiɗan pop ya cinye kantiri har ba a gane shi, gara a raba garke. Wani ɓangaren kuma na cewa ƙyashi ne kawai, an ga baƙuwa ta shigo gida an fara ja da baya da tabarma. Wanda ya tarar da zancen a jiya zai ɗauka sabuwar rigima ce, alhali ta girmi yawancin masu yin ta.

Kiɗan nan ba baƙo ba ne a kunnen mutanenmu. Dattawan da suka yi ƙuruciya a shekarun 1970 da 1980 sun san muryar Jim Reeves da Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton, a rediyo da kuma kaset. Abin da 'yan gargajiya ke kuka a kai shi ne ɓacewar kayan kiɗa uku: gogen Turawa, da banjo, wanda bayi daga Afirka ta Yamma suka kai tushensa can kuma ɗan uwan gurmi da molo ne, da wata jita da ake kwantarwa a goga mata sandar ƙarfe tana fitar da amo kamar kuka. Sai kuma waƙa mai labari, ta talauci da mutuwar aure da gidan yari da tuba. A gurbinsu yau akwai gangar kwamfuta, da amshi mai saurin kama baki, da zancen mota da shagalin ƙarshen mako.

Tarihin farko an sha faɗarsa, ba sai an ja shi ba. Tashar WSM ta birnin Nashville ta fara shirin kiɗan kantiri na rediyo da ya zama Grand Ole Opry a 1925, aka naɗi Jimmie Rodgers da iyalan Carter a garin Bristol a 1927, Hank Williams ya rasu a ranar farko ta 1953. Da kiɗan rok ya kwashe matasa a tsakiyar shekarun 1950, masu haɗa waƙa a Nashville suka rage goge, suka zuba murya mai laushi da 'yan amshi don kada kasuwa ta mutu. Jim Reeves ɗin da dattawanmu ke ɗauka a matsayin kantiri na asali, a zamaninsa shi ne ɗan zamanin da ake yi wa gori. Daga Bakersfield ta jihar Kalifoniya su Buck Owens da Merle Haggard suka mayar da martani da kiɗa mai kaushi. A 1974 Olivia Newton-John, mawaƙiyar pop da ta tashi a Ostareliya, ta ci kyautar gwarzuwar mawaƙiyar kantiri, tsofaffin hannu suka fusata har suka kafa ƙungiyarsu. Willie Nelson da Waylon Jennings suka yi nasu tawayen, faifan haɗakarsu na 1976 ya zama na farko a kantiri da aka tabbatar ya sayar da kwafi miliyan. Farkon shekarun 1980 aka sake karkata ga pop, sai George Strait ya fito a 1981, Randy Travis ya biyo a 1986, goge ya dawo.

Abin lura a wannan jerin shi ne kai-komo. Duk lokacin da aka zarce wajen laushi, cikin 'yan shekaru sai wani ya ɓullo daga gefe ya jawo abin baya, kuma ta rediyo yake ɓullowa. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa wannan kai-komon ya yi rauni a rediyo daga ƙarshen shekarun 1990. A ganina amsar tana cikin wani sauyi da ba shi da alaƙa da jita ko murya, shi ya sa ba a cika kawo shi a muhawarar ba: sauyin ƙa'idar mallakar gidajen rediyo.

Shekaru da yawa dokar Amurka ta ƙayyade yawan tashoshin da mutum ɗaya ko kamfani ɗaya zai iya riƙewa. Daga 1953 iyakar ita ce tashoshin AM 7 da FM 7 a duk faɗin ƙasar. A tsakiyar shekarun 1980 aka ɗaga zuwa 12 da 12, a farkon shekarun 1990 zuwa 18, sannan 20. Ma'anar wannan ita ce dubban masu tashoshi, da yawansu 'yan garin da tashar take. Tashoshin da ke sa kantiri zalla ba su wuce 81 ba a 1961, amma kafin tsakiyar shekarun 1990 sun haura 2,000. Kowace da mai zaɓen waƙarta, kowane da kunnensa da son ransa.

Ga yadda abin yake a ƙasa. Sabon mawaƙi zai cika bayan mota da faifai, ya bi hanya gari-gari yana ƙwanƙwasa ƙofar ƙananan tashoshi. Loretta Lynn da mijinta haka suka yi a 1960 da waƙarta ta farko. Mai gabatar da shiri a wani ƙaramin gari na Texas zai saurara, idan ta yi masa sai ya sa ta a daren nan. Wayar tashar ta fara ƙara, mutane na neman a maimaita. Mai shagon faifai na garin ya aika a ƙaro masa. Tashar garin da ke maƙwabtaka ta ji labari ita ma ta ɗauka. Idan tashoshi hamsin sun ƙi ka, akwai ta hamsin da ɗaya. Ba wai zamanin tsarkaka ba ne, don tun a shekarun 1950 ake bankaɗo badaƙalar ba masu sa waƙa na-goro. Amma ƙofofi suna da yawa, kuma ba mutum ɗaya ke riƙe da makullansu ba.

A watan Fabrairun 1996 sabuwar dokar sadarwa ta fara aiki. Hankalin jama'a a lokacin yana kan abin da ta ce game da tarho da talabijin da intanet. Sashen rediyo ɗan ƙarami ne a cikinta, amma ya cire iyakar ƙasa baki ɗaya, ya kuma yarda mai gida ɗaya ya riƙe tashoshi har 8 a babban birni guda. Nan take cinikin tashoshi ya kankama. Iyalan da suka gaji tasha daga iyayensu suka ga tayin da ba su taɓa mafarkinsa ba, suka sayar, kuma ba mai ganin laifinsu. Cikin shekara shida yawan masu mallakar gidajen rediyo ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku, alhali tashoshin kansu ba su ragu ba.

Daga nan lissafi ya karɓi ragama. Tasha da aka saya da tsada, galibi da bashin banki, dole ta biya kanta, kuma talla ce kaɗai ke kawo kuɗin. Mai talla kuwa ba waƙa yake saye ba, kunnuwa yake saye, musamman na 'yan shekara 25 zuwa 54 masu zuwa kanti da sayen mota. Hanyar rage kashe kuɗi a bayyane take: maimakon mai zaɓen waƙa a kowace tasha, mutum ɗaya ya tsara wa tashoshi da dama. Maimakon mai gabatar da shiri da ke zaune a garin, wani a birni mai nisan ɗaruruwan kilomita ya naɗi maganganunsa tun da rana, kwamfuta ta jera su tsakanin waƙoƙi da daddare, har da ambaton sunan garin kamar yana nan. Mai sauraro ya buga waya neman waƙa, wayar ta yi ta ringin a ɗakin da ba kowa.

Hanyar gwada waƙa ma ta girmi 1996, amma bayan nan ne ta zama alƙali. Ana kiran mutane ta tarho, a sa musu 'yan daƙiƙoƙi na amshin waƙa, a ce su ba ta maki, a kuma tambaye su ko sun gaji da jin ta. A irin wannan gwaji, waƙar da wasu ke mutuwar so wasu kuma ba sa ƙaunar ji ita ce ke faɗuwa, don tsoron mai tasha shi ne a murɗa a koma wata. Wadda ke tsira ita ce wadda ba ta ɓata wa kowa rai. To kukan jitar ƙarfe da muryar hanci irin ta mutanen tsaunukan Kudu suna cikin abubuwan da ke raba kan masu sauraro. Waƙa mai labari kuwa, wadda sai a baiti na uku ake gane uwar ta mutu ko ɗan yana kurkuku, me za ta nuna cikin daƙiƙa goma? Babu wanda ya zauna ya yanke hukuncin korar goge. Ma'aunin ne ba ya iya ganin amfaninsa. Jerin waƙoƙin da ake juyawa ya taƙaita, sabuwar waƙa ta koma ɗaukar watanni kafin ta hau sama, kamfanonin faifai kuma suka fahimci irin kayan da ƙofar ke bari ya wuce, suka shiga ƙera shi tun daga situdiyo.

Za a ce ai karkatar ta fara tun kafin dokar, kuma akwai gaskiya a ciki. A 1991 aka koma ƙirga cinikin faifai da na'urar kanti maimakon dogaro da bakin masu shago, sai aka gano kantiri na sayuwa fiye da yadda ake zato. A shekarar ce faifan Garth Brooks ya shiga jadawalin cinikin faifai na mujallar Billboard na kowane irin kiɗa kai tsaye a lamba ɗaya. Kuɗi ya shigo, ido ya buɗe. Sai dai kwaɗayin kasuwar pop ya sha zuwa ya wuce a baya, kamar yadda muka gani. Abin da 1996 ta ƙara shi ne toshe hanyoyin da gyara ke bi ya dawo.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna haka ƙarara. Johnny Cash ya ci Grammy ta faifan kantiri a 1998 da aikin da rediyon kantiri kusan bai taɓa ba. A 1999 Larry Cordle ya fitar da waƙar "Murder on Music Row" yana makokin kisan da aka yi wa kiɗan gargajiya, George Strait da Alan Jackson suka sake rera ta, ƙungiyar masu harkar kantiri da kanta ta ba ta kyautar waƙar shekara a 2001. Faifan waƙoƙin fim ɗin O Brother, Where Art Thou?, wanda tsantsar banjo da goge da waƙoƙin coci ne, ya sayar da miliyoyi, ya ci babbar kyautar Grammy a 2002, duk da haka manyan tashoshi suka kawar da kai. Miliyoyin mutane sun zaro kuɗinsu sun saya, amma gwajin tarho na cewa ba a so. A farkon 2002 ma sai da masoya suka yi zanga-zanga a Nashville da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin WSM za ta bar kiɗa ta koma labarin wasanni, kafin aka fasa.

Waɗanda ƙofa ta rufe wa sai suka gina tasu rumfar. An fara jadawalin Americana, wato kiɗan da ke riƙe da tushen gargajiyar Amurka, a 1995, ƙungiyarta ta kafu a 1999, kuma can ne mawaƙa da dama da a da za a kira su 'yan kantiri suka samu mafaka ƙarƙashin sabon suna. Ita kuwa rediyo ta ci gaba da tsananta awo. Daga 2007 aka fara raba wa mutane a manyan birane wata 'yar na'ura da ke rataye a jiki tana naɗe tashar da suke ji minti bayan minti, don haka waƙa mai sanyi da ta sa mutum biyar suka murɗa ana ganin ta a alƙaluma. A 2012 babban jadawalin kantiri ya fara haɗa cinikin intanet da sauraron da aka yi a tashoshin pop, abin da ya ba waƙa mai ƙafa ɗaya a kantiri ɗaya a pop fifiko.

Yanzu dai rediyo ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Chris Stapleton ya tashi dare ɗaya bayan wasan da ya yi a bikin kyaututtukan kantiri na 2015, a lokacin da tashoshi ba su damu da shi ba, daga baya suka bi sahu. Tyler Childers da Zach Bryan suna cika manyan filaye da jama'ar da suka same su ta waya, ba ta rediyo ba. Matasa irin su Zach Top sun dawo da amon shekarun 1990 kuma tashoshi sun fara karɓa, bayan alƙaluman intanet sun riga sun tabbatar musu ba za su yi asara ba. Wato a da rediyo ce ke gano mawaƙi ta kai wa jama'a, yanzu jira take jama'a su gano shi tukuna. Ƙa'idar 1996 kuma tana nan daram, muhawarar da ake yi a kanta a 'yan shekarun nan ma a kan ƙara sassauta iyakar da ta rage a cikin birane ce.