Ilimin Jagorancin Jirgin Ruwa na Mutanen Polinesiya

Ilimin jagorancin jirgin ruwa na Polinesiya shi ne dabarun da mutanen tsibiran tekun Fasifik suka bi suka ƙetare dubban kilomitoci na ruwa, ba kamfas, ba taswira, ba agogo. Jagoran jirgi yakan karanta hanyarsa daga taurari da rana da toroƙon teku da iska da gajimare da tsuntsaye, kuma lissafin duka a kansa yake riƙe. Da wannan ilimi aka zaunar da tsibiran da ke cikin wani yanki mai kusurwa uku: Hawai daga arewa, Rapa Nui daga gabas, sai Aotearoa, wato Niyu Zilan, daga kudu maso yamma. Ba a rubuce ake gadonsa ba. Daga baki zuwa kunne ne, cikin waƙoƙi da haddar sunayen taurari, kuma a wurare da yawa sirrin wasu gidaje ne kaɗai.

Asali da bazuwa

Masana harsuna da masu haƙa kayan tarihi suna danganta kakannin waɗannan mutane da tsibirin Taiwan, inda ake jin sun fara fitowa kimanin shekara 5,000 da suka wuce, suka gangaro ta Filifins da gabashin Indonesiya. Waɗanda suka fara kutsawa cikin Fasifik mai nisa su ne ake kira mutanen Lapita. Sunan na wani wuri ne a Sabuwar Kaledoniya inda aka haƙo tukwanensu masu zanen ɗige-ɗige a 1952. Sun bayyana a tsibiran Bismarck wajen shekara ta 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma cikin ƙarni kaɗan suka kai Vanuatu da Fiji, suka isa Tonga da Samoa tsakanin 900 da 800 kafin haihuwar Annabi Isa.

Daga nan sai tafiya ta tsaya. Fiye da shekara dubu ba alamar an matsa gabas da Samoa, kuma masana sun rabu a kan dalili: wasu sun ce sauyin iska ne, wasu sun ce sai da aka inganta ƙirar jirgi. A wannan dogon zama ne harshe da al'adun Polinesiya suka ɗauki kamanninsu. Da aka sake ɗaura ɗamarar tafiya kuwa, abin ya zo da sauri ƙwarai. Gwajin shekarun gawayi da ƙasusuwa na nuna an zauna a yankin Tahiti wajen 1000 zuwa 1100 Miladiyya, Hawai da Rapa Nui tsakanin 1000 da 1200 ko bayan haka kaɗan, Niyu Zilan kuma wajen 1250 zuwa 1300. Tsofaffin littattafai sukan ba da shekarun da suka riga waɗannan da ƙarni da dama, amma yawancin masu bincike sun bar su.

Abin lura shi ne sun nufi gabas ne, alhali iskar da ta fi kaɗawa a wannan yanki daga gabas take zuwa. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne da gangan suka yi haka. Sukan jira lokacin da iskar yamma ta taso na ɗan lokaci su bi ta, in ba su ga ƙasa ba kafin guzuri ya yi rabi, iskar gabas ta dawo ta kai su gida. Mai neman sabuwar ƙasa da ya fita ta wannan hanya ya riga ya tanadi hanyar komawarsa.

Ba hannu rabbana suke tafiya ba. Sun ɗauki gwaza da doya da ayaba da rake da kwakwa, da aladu da karnuka da kaji, ɓera ma ya bi su. Dankalin Hausa, wanda asalinsa Kudancin Amurka ne, an sami ragowarsa a tsibirin Mangaia da shekarun da suka riga zuwan Turawa da ƙarnuka, kuma wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2020 ya nuna an yi cuɗanya da mutanen Kudancin Amurka wajen 1200. Wanda ya je wa wani, ba a daidaita a kai ba.

Jirgin

Jirgin doguwar tafiya kwalekwale biyu ne da aka haɗa da itatuwan gicciye, aka shimfiɗa dandamali a kansu. Ana ce masa pahi a Tahiti, tongiaki da kalia a Tonga, wa'a kaulua a Hawai. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, domin mutanen ba su da ƙarfe. Da gatarin dutse ake sassaƙa katako, a ɗaure da igiyar ɓawon kwakwa, a toshe kafofi da ƙaron itace. Abin kama iska kuwa tabarma ce ta ganyen pandanus, wani tsiro mai dogayen ganye da ake saƙa da shi kamar kaba. Ɗaurin igiya yana da amfanin da ƙusa ba ta da shi, domin yana barin jirgi ya ɗan lanƙwasa da ruwa maimakon ya tsage.

Taurari

Tushen ilimin gaba ɗaya abu ɗaya ne: kowane tauraro yana fitowa ne a wuri guda a gefen sama, ya kuma faɗi a wuri guda, duk shekara. Lokacin fitowar ne ke matsawa da kusan minti huɗu kowane dare, amma gurbin ba ya motsi. Jagora yakan haddace tauraron da ke fitowa a saitin tsibirin da ya nufa, ya sa hancin jirgi a kansa. Idan tauraron ya yi sama har ya daina nuna saiti, sai a koma ga na bayansa da ke fitowa daga gurbin. Taurari kamar goma, ɗaya bayan ɗaya, sukan isa dare guda. Wannan jeri shi ake kira kaveinga a Tonga da Tikopia, ma'ana hanyar taurari. Idan gajimare ya rufe gaba, jagora yakan duba tauraron da ke bayan jirgi ko gefensa, don ya san gurbin kowanne.

Sanin nisan da aka yi arewa ko kudu shi ma daga sama ake samunsa. Kowane tsibiri yana da tauraron da ke ratsawa daidai tsakiyar kansa. Na Hawai shi ne Hokule'a, wanda masana falaki ke kira Arcturus, na Tahiti kuma Sirius. Jagororin Hawai na yau sun fi dogara da taurarin nan huɗu na kudu masu siffar gicciye: idan suka miƙe tsaye, tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa ta yi daidai da tazarar na ƙasan da gefen ruwa, to an kai layin Hawai. Sai a juya a bi layin har a tarar da ƙasa. Da gangan akan kauce ta ɓangaren da iska ke fitowa, don a tabbatar da wajen da tsibirin yake.

Tarin taurarin da Hausawa ke kira Kaza da 'ya'yanta, su Matariki suke ce masa a Niyu Zilan, Makali'i a Hawai, kuma fitowarsa ce ke buɗe sabuwar shekara.

Ruwa, gajimare da tsuntsaye

Da rana, ana amfani da rana ne da sassafe da kuma dab da faɗuwarta. Tsakanin nan toroƙon teku ne jagora. Toroƙo ba ƙananan igiyoyin da iskar wurin ke tayarwa ba ne, manyan tudun ruwa ne da iska mai nisa ta turo, waɗanda kan yi kwanaki suna zuwa daga fuska ɗaya. Sau da yawa biyu ko uku ne ke gicciye da juna, kuma gwani yakan rarrabe su da yadda jirgi ke tangaɗi a ƙarƙashinsa, ko da idonsa a rufe. Wannan ne ɓangare mafi wuyar koyo. Shi ya sa jagora ba ya samun barcin kirki har a sauka, domin idan zaren lissafin gudu da saiti da kwanaki ya tsinke masa, babu inda zai duba ya ɗauko shi.

Ƙaramin tsibiri na murjani ba a hango shi sai an matso kamar kilomita 15 zuwa 20, don haka jagora ba tsibirin yake nema ba, alamominsa yake nema. Gajimare kan tsaya cak a kan ƙasa yayin da sauran ke wucewa, wani lokaci cikinsa ya yi kore-kore saboda hasken ruwa marar zurfi da ke ƙasa. Toroƙo kan karye ya dawo idan ya bugi tsibiri. Sai tsuntsayen da ke kamun kifi a teku amma a tudu suke kwana: da safe daga ƙasa suke fitowa, da yamma can suke komawa. A Hawai an fi lura da farin tsuntsun nan manu-o-Ku, wanda kan yi nisan da ya kai kusan kilomita 190, da noio wanda ba ya wuce kamar 30. Da waɗannan alamu ɗigon ƙasa yakan zama fili mai faɗi, jerin tsibirai kamar Tuamotu kuma ya zama shinge mai wuyar kuskurewa.

Akwai kuma te lapa, wani walƙiyar haske a cikin ruwa da jagororin tsibiran Santa Cruz suka ce yana fitowa daga wajen ƙasa. Bayanin kimiyyarsa bai zauna ba.

Tupaia da zuwan Turawa

Jagoran da tarihi ya fi sani daga wancan zamani shi ne Tupaia, malamin addinin gargajiya daga Ra'iatea, tsibirin da ke da wurin ibadar Taputapuatea wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. Ya shiga jirgin Kyaftin James Cook a 1769, ya zana taswira mai tsibirai 74, ya kuma yi tafinta a Niyu Zilan, inda Maori, mutanen asalin ƙasar, suka fahimci harshensa. Ya rasu a Batavia, Jakarta ta yau, a ƙarshen 1770. Turawa sun daɗe suna ganin taswirar a hargitse take, sai daga baya aka gane saitin tafiya daga tsibiri zuwa tsibiri take nunawa.

Doguwar tafiya ta riga ta ragu a gabashin Polinesiya kafin Turawa su zo. Mulkin mallaka da mishan da jiragen 'yan kasuwa suka ƙarasa ta. Ilimin ya saura ne a ƙananan tsibirai na gefe irin Taumako da Anuta, da tsibiran Caroline na Maikronesiya.

Gardama

An daɗe ana gardama kan asalin mutanen Polinesiya da yadda suka bazu. Thor Heyerdahl ɗan ƙasar Norway ya ce daga Kudancin Amurka mutanen suka zo, ya kuma bi ruwa a kan gadon itace mai suna Kon-Tiki daga Peru a 1947, kwana 101, har ya daki murjanin Raroia. Andrew Sharp na Niyu Zilan ya ce a 1956 ɓatan hanya ne kawai ya watsa su. Harshe da tukwane da jini sun rushe ra'ayin farko. Wani gwajin kwamfuta na 1973 ya raunana na biyu, da ya nuna ruwa da iska kaɗai ba za su kai jirgi Hawai ko Niyu Zilan ba.

Farfaɗowa

A 1973 Ben Finney da Herb Kawainui Kane da Tommy Holmes suka kafa ƙungiyar tafiye-tafiyen teku ta Polinesiya a Hawai, suka gina jirgi mai tsawon kusan mita 19 bisa tsohuwar siffa amma da kayan zamani, suka raɗa masa Hokule'a. An sa shi a ruwa ran 8 ga Maris 1975. Ba a sami jagoran gargajiya ko ɗaya a Hawai ba, sai aka ɗauko Mau Piailug daga Satawal, ɗan tsibiri a Maikronesiya. Sun tashi daga tsibirin Maui na Hawai ran 1 ga Mayu 1976, suka isa Papeete da ke Tahiti ran 4 ga Yuni, tafiyar fiye da kilomita 4,000 ba na'ura. An ƙiyasta mutum 17,000 suka tarbe su. Rigima tsakanin ma'aikatan jirgin ta sa Mau ya koma gida daga Tahiti.

Tafiyar 1978 ta zo da rashi. Jirgin ya kife a kudu da tsibirin Moloka'i na Hawai sa'o'i kaɗan bayan tashi. Eddie Aikau, ɗaya daga ma'aikatan jirgin kuma sanannen mai ceton masu wanka a gaɓar Waimea, ya hau allon hawan igiyar ruwa ran 17 ga Maris ya nufi tsibirin Lana'i neman agaji yana tuƙi da hannu. An ceto sauran, shi ba a sake ganinsa ba.

Mau ya dawo ya koyar da Nainoa Thompson, wanda ya kai jirgin Tahiti ya dawo da shi a 1980. Thompson ne ya tsara kamfas ɗin taurari na Hawai, mai raba gefen sama gida 32. Tsari ne na zamani da aka gina a kan koyarwar Mau da nazarin falaki, ba tsohon gadon Hawai kai tsaye ba. Hokule'a ya je Niyu Zilan a 1985, Rapa Nui a 1999, ya zagaya duniya daga 2014 zuwa 2017, har ya tsaya a Afirka ta Kudu. A Niyu Zilan, Hekenukumai Busby ya sassaƙa Te Aurere, wanda ya je Rarotonga a 1992. A 2007 Mau ya yi wa 'yan Hawai biyar bikin pwo a Satawal, wato naɗin cikakken jagora. Ya rasu a 2010.

Tuƙin juriya na zamani

Tseren kwalekwale mai mutum shida daga Moloka'i zuwa O'ahu ya fara a 1952, na allon da ake tuƙawa da hannu, mai nisan kilomita 51, kuma a 1997. A Polinesiyar Faransa ana yin Hawaiki Nui Va'a tun 1992, kwana uku daga Huahine zuwa Bora Bora.

Ed Gillet ya tuƙa kayak, wato ƙaramin kwalekwale, shi kaɗai daga Monterey a Kalifoniya zuwa Maui a 1987 cikin wata biyu da 'yan kwanaki, Cyril Derreumaux shi ma a kayak daga Monterey ya kai Hilo da ke Hawai a 2022 cikin kwana 91, Antonio de la Rosa kuma ya ƙetare daga San Francisco zuwa O'ahu a tsaye kan allo a 2019 cikin kwana 76. Gillet da na'urar auna tsayin rana ya nemi hanya, na bayansa da GPS.