Matsakaicin Maki Ba Shi Kaɗai Ke Kai Ɗalibi Jami'a Ba

An daɗe ana ɗauka cewa a Amurka, wanda ya gama sakandare da matsakaicin maki 4.0, wato A a kowane darasi, ya riga ya samu jami'ar da yake so. Sam ba haka ba ne. Masu tantance ɗalibai a jami'o'i bin takardar sakamakon suke darasi bayan darasi. Yarinyar da ta rungumi lissafi mai tsauri ta samu B tana iya shan gaban wanda ya tara A a darussa masu sauƙi. Jami'ar Kalifoniya ma da kanta take sake lissafin matsakaicin makin, daga makin aji 10 da 11, wato shekara ta biyu da ta uku cikin shekaru huɗu na babbar sakandare a can. Wanda ke ba ni tausayi shi ne yaron da ya yi tuntuɓe a aji 9 ya fid da rai, alhali ana lura da wanda makinsa ke hawa kowace shekara.