Girkin dare marar nama a ƙasar Hausa

Girkin dare marar nama shi ne abincin da ake dafa wa iyali da hatsi, wake, gyaɗa, ganye da mai, ba tare da nama ko kifi ko romonsu ba. A Indiya addini ne ke hana miliyoyin mutane cin nama. A ƙasar Hausa kuwa yawanci halin aljihu ne ke kawo shi, wani lokaci kuma shawarar likita. Miyar da ba a sa mata nama ba ana ce mata lami, kalmar da ke ɗauke da ɗan raini, domin ita ake faɗa wa duk abincin da ya yi salam. Sai dai ba rashin naman kaɗai ke sa miya ta yi salam ba. Nama na ba miya romo da maiƙo, yana kuma riƙe ciki, kuma idan aka cire shi dole a samo waɗannan daga wani wuri. A tukunyar Bahaushiya daddawa da wake da gyaɗa ne ke wannan aiki.

Daddawa da wake

Daddawa ana yin ta ne da kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, bayan an dafa su an sheme su kwana biyu zuwa uku har su ruɓa. Wannan ruɓar ce ke fito da ɗanɗanon da harshe ke ji kamar na romo. Akwai kuma daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa, wadda ta fi yawa a Nijar da yankin Sakkwato. Daddawa tana son dahuwa. Idan aka jefa ta a ƙarshe, warinta ne zai fito, ɗanɗanon bai fito ba. Don haka ake daka ta tare da citta, masoro, kanumfari da tafarnuwa, a zuba tun ruwan miya bai tafasa ba.

Wake kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, kuma Nijeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen noma shi. Abin da dawa, gero da masara suka gaza da shi na wannan sinadari akwai shi a wake, shi ya sa tuwo da miyar da aka sa wa wake ya fi tuwo da ganye zalla amfani.

Miyar kuka da ɓarzajjen wake

Ga miyar mutum shida: rabin gwangwanin madara na wake, lita ɗaya da rabi na ruwa, albasa biyu, attarugu uku, daddawa biyu, ludayi ɗaya na manja ko man gyaɗa, da cokali huɗu zuwa biyar na garin kuka.

Ana jiƙa waken, a surfa shi a cire ɓawo, a ɓarza a turmi. Sai a ɗora shi da ruwa, da dakakkiyar daddawa da kayan ƙamshi, da jajjagen attarugu da albasa, da mai. Ana barin sa a wuta wajen minti arba'in, har waken ya narke, a daina ganin ƙwayarsa, ruwan ya yi kauri kaɗan, man ya taso sama. Nan ne mafi yawan masu gaggawa ke ɓata miya: in waken bai narke ba, za a riƙa jin gafinsa, ruwa ya tsaya gefe, kuka gefe. Gishiri da dunƙule a wannan lokaci ake daidaita su, domin da zarar kuka ta shiga, gishiri ba ya bin miyar sosai. Mai gudun nama gaba ɗaya ya duba takardar dunƙulen, don wasu na ɗauke da kitsen kaza ko garin kifi.

Kaɗa kuka ana yin sa ne bayan an rage wuta. Hannu ɗaya na barbaɗa garin kaɗan-kaɗan, ɗayan na murza maburgi. Zuba ta dunƙule guda, ko zuba ta cikin ruwan da ke tafarfasa, shi ke kawo gudaji. Minti biyar ya ishe ta, tukunya a buɗe. In ta daɗe a wuta sai ta yi baƙi ta kama ƙasa. Kukar da ta sha rana ko ta kwana biyu a buɗe takan koma ruwan ƙasa, tana ɗaci, kuma babu yawan daddawar da zai gyara ta. Cokalin man shanu a kan malmala, ga wanda ke cin kayan nono, yana rufe duk wata kewar nama.

Miyar taushe da fate

Taushe ita ce miyar da ta fi jure rashin nama, domin kabewa na ba ta zaƙi da kauri, gyaɗa na ba ta maiƙo. Ana dafa kamar rabin kilo na kabewa cikin markaɗen tumatir da tattasai da aka soya, a farfasa ta da ludayi, a dama gwangwani ɗaya na niƙaƙƙiyar gyaɗa da ruwa a zuba. Gyaɗa na saurin kama tukunya, sai da juyawa da ƙaramar wuta kusan minti goma sha biyar. Yakuwa ke fara shiga, alayyafo a ƙarshe. Yakuwa in ta yi yawa tsaminta na danne komai. Ana tafasa ta daban a zubar da ruwan farko. A tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta motse kafin a niƙa, domin tana iya ɗaukar gubar da ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe gubar.

Faten tsaki da rama ko zogale da gyaɗa tukunya ɗaya ce, ga sauƙin itace. Garau-garau da ɗan wake sun fi zama abincin rana, ko da yake gidaje da yawa a birni na cin su da dare.

Awara a madadin tsoka

Yara sukan nemi abin tauna a miya, kuma awara ke cike wannan gurbi. Ana jiƙa waken suya awa shida zuwa takwas, a markaɗa, a tace, a tafasa madarar, sannan a zuba ruwan tsami a hankali har ta dunƙule, ruwan ya koma garai-garai. Tsami kaɗan, ba za ta haɗu ba. In ya yi yawa, ta yi tauri da tsami. Bayan an matse ta a ƙyalle an yanka, sai an soya ta kafin ta shiga miyar tumatir, minti biyar kafin a sauke. Ɗanya ragargajewa take yi.

Kanwa da abin da ganye ba ya bayarwa

Kanwa na sa wake saurin laushi, amma ɗan guntu kamar ƙwayar gyaɗa ya ishi gwangwani biyu. Fiye da haka abinci ya yi duhu da ɗanɗanon sabulu, kuma tana lalata bitamin B1. Jiƙa wake tun rana da zubar da ruwan jiƙon na rage lokacin dahuwa da kumburin ciki.

Bitamin B12 ba a samun sa a hatsi ko ganye, sai a nama, kifi, ƙwai da nono. Gidan da ya daina nama kwata-kwata yana buƙatar nono, kindirmo ko ƙwai a kai a kai, musamman mai ciki, mai shayarwa da ƙananan yara. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da zogale kuma ya fi shiga jiki idan an haɗa da ɗanyen tumatir ko an matsa lemun tsami, yayin da shayi a kan abinci ke rage shigarsa, don haka ake jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan an ci tuwo.