Hanyoyin Keken Tsauni a Gandun Brown County: Yanayinsu da Yadda Ake Gyara Su

Gandun Brown County shi ne mafi girma a cikin gandayen shaƙatawa mallakar jihar Indiana ta ƙasar Amurka. Yana kudancin jihar, dab da wani ƙaramin gari mai suna Nashville (ba babban birnin jihar Tennessee ba), kuma faɗinsa ya kusa eka 16,000. An buɗe shi a 1929. Ban da hanyoyin masu tafiya a ƙasa da na mahaya dawaki, akwai siraran turbobi na masu keken tsauni da tsawonsu ya haura kilomita 40. Akasarinsu 'yan sa-kai ne suka haƙa su tun daga shekarun 2000, ƙarƙashin ƙungiyar masu keken tsauni ta jihar da ake kira HMBA, tare da amincewar sashen kula da albarkatun ƙasa na Indiana. A 2011 ƙungiyar duniya ta masu wannan wasa, IMBA, ta saka hanyoyin gandun cikin jerin fitattun hanyoyin da take yaba wa.

Ƙasar wurin

Tsaunukan ƙanƙarar da suka daddale arewacin Indiana a zamanin da can ba su iso wannan yanki ba. Shi ya sa wurin ya zama tudu da kwari, hawa da gangara, ga rafuka a kowane lungu. Tudu mafi tsawo a gandun, Weed Patch, bai wuce mita 320 da 'yan kai ba daga saman teku, amma gangarensa da kaifi. Ƙasar kuwa laka ce gauraye da lallausan turɓaya a kan dutse mai saurin ɓarewa. Idan ta bushe sai ta yi tauri kamar daɓe, taya ta yi ta gudu a kai. Idan ta jiƙe sai ta zama yumɓun magina.

Wurin ya taɓa ɗanɗana zaizayar ƙasa. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 an sare dazuzzukan yankin, aka noma gangaren tuddai, ruwa ya kwashe ƙasar sama ya bar kwazazzabai, manoma da yawa suka tashi. A shekarun 1930 matasan shirin CCC, wanda gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa don samar da aikin yi, suka dasa itatuwa a wurin don tare zaizayar. Dajin da ake gani yau sabon tashi ne a kan tsohon rauni, kuma wannan tarihi na daga cikin abin da ya sa hukuma ba ta wasa da duk abin da zai sake buɗe wa ruwa hanya.

Yadda ake shata turba

Faɗin turbar keke yawanci bai fi santimita 45 zuwa 60 ba, keke ɗaya take ɗauka. Masu haƙa ta sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: ruwa ne ke cinye hanya, taya mai taimaka masa ce kawai. Saboda haka duk dabarar shata turba ta taru ne a kan yadda ruwan sama zai tsallaka ta ya wuce, kada ya mayar da ita magudana.

Ba a miƙar da hanya daga kan tudu zuwa gindinsa, domin nan ne ruwa yake bi. Ana zagaya da ita ne a jikin tudun, kamar yadda manomi mai hankali yake gicciya kunya a gonar da ke kan gangara. Ƙa'idar da IMBA ta yaɗa ita ce ta rabi: karkatar hanya kada ta wuce rabin karkatar tudun da take ratsawa. Idan tudun ya gangara kashi 20 cikin ɗari, hanyar kada ta haura kashi 10. Da ta wuce haka, ruwa zai bar hanyarsa ya kama ta keke. Ana kuma son matsakaicin hawan turba gaba ɗayanta ya tsaya wajen kashi 10. Ba da ido ake auna wannan ba. Akwai wata 'yar na'urar auna gangara da mutum ke ɗorawa a ido ya saita da abokin aikinsa da ke tsaye a gaba, sannan a kakkafa 'yan tutoci a inda za a haƙa.

Sai a yanki jikin tudun har a tarar da ƙasa mai tauri, a watsar da ta saman da ruɓaɓɓen ganye can ƙasa. Fuskar hanyar ana ɗan karkata ta waje da kamar kashi 5 cikin ɗari. A turba mai faɗin santimita 60, bakin waje zai fi na ciki ƙasa da santimita 3 kacal. Mai keke ba zai ji ba, amma ruwa yana ji. Bayan kowane mita 6 zuwa 15 kuma ana sa hanyar ta ɗan nutsa ta sake tasowa, ta yadda ruwan da ya samu shiga ba zai yi nisa ba sai ya fita. Wannan hawa da sauka da aka yi don ruwa shi ne kuma abin da mahaya suka fi jin daɗinsa, wato jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Yanayin hanya a cikin shekara

Indiana na samun ruwan da ya haura milimita 1,000 a shekara, kuma babu watan da ba a yi. Amma lokacin da ya fi wahalar da masu kula da hanyoyin shi ne ƙarshen hunturu, daga Fabrairu zuwa Maris, lokacin daskarewa da narkewa. Da dare sanyi yakan sauka ƙasa da sifiri, ruwan da ke cikin ƙasa ya daskare ya kumbura, ya ɗaga fuskar hanyar ya sassauta ta. Da hantsi rana ta buga, saman ya narke alhali ƙarƙashin yana nan a daskare, ruwan ya rasa inda zai nutse. Turbar da aka bi da asuba tana ƙara kamar siminti, kafin azahar ta zama kunu, ko da an yi mako ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Wannan ne ke ruɗar baƙi. Sukan ga gari ya yi haske su ɗauka hanya ta bushe.

Wanda ya hau keke a irin wannan laka yakan bar kwarmin taya mai zurfin yatsa biyu ko uku. Kwarmin ya bushe a haka, ya zama kwata, ruwan gaba ya bi ta ciki ya ƙara zurfafa shi. Na bayansa kuma ya kauce wa taɓon ya bi gefe, ya tattake ciyawa, turbar santimita 50 ta koma mita biyu. Shi ya sa ake cewa idan tayarka tana barin sawu ko laka tana manne mata, ka juya. Idan kuma ɗan kududdufi ne guda a hanya busasshiya, a bi ta tsakiyarsa, kada a zagaye. Masu son hawa a hunturu sukan fita da sassafe tun ƙasa na daskare, su sauka kafin ta saki. Ana sanar da halin da hanyoyin ke ciki ta intanet, amma gandun na da girma, ba mai tsaron da zai tsaya a bakin kowace turba. Abin ya dogara ne da kunyar mahayan da kansu.

Da zafi ya shigo matsalar sai ta sauya: ciyawa da ƙaya su rufe gefen hanya, kaska ta yi yawa, guguwa ta kayar da itatuwa. A Oktoba, watan da gandun ya fi cika da masu zuwa kallon ganye yana sauya launi, busasshen ganye kan rufe saiwoyi da duwatsu, ya kuma toshe mafitar ruwa.

Aikin gyara

Gyaran yau da kullum aikin gayya ne na ranakun hutu, kuma ba shi da wani armashi. Mafi yawansa yashe mafitar ruwa ne da kankare kunyar da ke tasowa a bakin hanya. Dalilin kunyar shi ne taya tana danne tsakiyar turba tana tura ƙasa gefe, a hankali bakin waje ya fi tsakiya tudu, ruwa ya rasa mafita. Sai a bi da kayan aiki a sassabe ta a dawo da karkatar nan ta kashi 5. Inda ruwa ke kwanciya a wuri mai lebur, akan fafe rabin da'ira mai faɗin kamar mita 3 a gefen waje don ya zurare. Inda ƙasa ba ta bushewa ko kaɗan, kamar mashigar rafi ko bakin idon ruwa, sai a jera manyan duwatsu a binne su kamar daɓe, ko a yi 'yar gadar katako. Idan wani sashe ya gagara, an gyara ya lalace an sake gyarawa, to tun farko ba a shata shi daidai ba. Maganinsa a karkatar da hanyar ta wani wuri, a farfasa tsohuwar, a rufe ta da rassa da ganye har daji ya haɗiye ta.

Kayan aikin biyu da suka fi suna daga masu kashe gobarar daji aka gaje su. McLeod faffaɗan ƙarfe ne, gefe ɗaya fartanya, ɗaya gefen manjagara mai manyan haƙora, ana kuma dandaɓe ƙasa da bayansa. Wani ma'aikacin daji a Kalifoniya, Malcolm McLeod, ya ƙirƙiro shi a 1905. Pulaski kuwa gatari ne a gefe ɗaya da diga a ɗaya gefen, na sare saiwa da haƙa, kuma ya samo sunansa daga Ed Pulaski, ma'aikacin dajin da ya yi suna a babbar gobarar Idaho ta 1910. Sai shebur da baro da bokitin ɗaukar ƙasa. Sababbin hanyoyi masu faɗi da lanƙwasa, irin su Hobbs Hollow, da ƙananan injinan haƙa ake yin su. Tsofaffin masu wuya irin Schooner Trace, wadda ake sa wa alamar mafi tsanani, sirara ne a jikin gangara, gyaransu sai da hannu.

Zarton inji ba kowa ake bari ya riƙe ba, sai wanda ya samu horo. Buƙatarsa ta ƙaru tun da wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Michigan a 2002 ya kuma ɓulla a Indiana a 2004, ya kashe itatuwa bila adadin a yankin, irin waɗanda ake kira ash da Turanci. Matattun itatuwan kan yi shekaru a tsaye suna zubo da rassa a kan hanya.

Kuɗi da rabon hanya

Indiana na karɓar kuɗin shiga gandun, kuma akwai takardar izini ta daban, ta yini ko ta shekara, ga masu hawa hanyoyin da suka wuce na 'yan koyo. Wani tushen kuɗin gina hanyoyi a yawancin jihohin Amurka shi ne asusun tarayya da aka kafa a 1991, wanda ke fitowa daga harajin man da ababen hawa na cikin daji ke sha. Asusun kan biya har kashi 80 cikin ɗari na aiki, masu nema su kawo sauran, kuma ana iya lissafa awannin 'yan sa-kai a matsayin nasu kason. Saboda haka ake rubuta sunan duk wanda ya zo gayya da awannin da ya yi.

A wannan gandu hanyoyin dawaki daban suke da na kekuna, abin da ya rage rigimar da ake yi a wasu wurare kan wa ya fi ɓata hanya. Wani bincike da aka yi a Montana aka buga a 1994 ya nuna kofaton doki ya fi takalmi da tayar keke tayar da ƙasa, musamman a jiƙaƙƙiyar hanya. Masu tafiya a ƙasa dai suna bin turbobin keke, kuma al'adar ita ce mai keke ya ba su hanya, mai gangarowa kuma ya dakata wa mai hawa, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya jingina keken gefe ba tare da ya fita daga turbar ba.